Goma na farko a azumin 2024: yadda jerin Excel ya tsallake babbar mai sayen wake a Mile 12

Wani kamfanin dillancin hatsi mai babban sito a bayan kasuwar Mile 12, a yankin Ketu na Legas, yana da wata al'ada da ya daɗe a kanta. Idan ya rage mako biyu ko uku a fara azumi, mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa Alhaji, yakan ware mutum goma da suka fi ɗaukar kaya a azumin da ya wuce, ya ba su fifiko a tirelolin farko na wake da gero da busasshen barkono da za su sauka daga Arewa. Bashi ne kuma, sai bayan sallah a biya. Wanda sunansa ya shiga goman nan ya huta da neman jari a lokacin da kaya suka fi tsada. Wanda bai shiga ba, ko dai ya zo da kuɗi a hannu, ko ya jira abin da ya rage.

Shekaru da dama Alhaji da tsohon da ke kula da siton ne suke fitar da sunayen nan daga ka, da ɗan taimakon littafin rasit. Da harka ta buɗe aka ƙara sito a Agege, aka ƙara wani a Alaba Rago kan hanyar Badagry, sai kai ya daina ɗauka. Ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya karanta akanta, shi aka damƙa wa lissafi, ya kwashe rasitan shekaru ya zuba a Excel. Yaro ne mai himma, kuma aikin da ya yi ba ƙarami ba ne. Ina faɗin haka tun da wuri domin abin da ya biyo baya ba sakaci ba ne. Irin kuskuren da sai wanda ya yi nisa a aiki yake kaiwa gare shi ne.

Yadda aka tsara bayanan

Bai tara komai a shafi ɗaya ba. Tebur huɗu ya yi. Na farko shi ne na ciniki, kowane layi rasit ɗaya: rana, mai saye, kaya, sito, yawan buhu, kuɗi. Sauran ukun kuwa na bayani ne: teburin masu saye, teburin kaya, da teburin kwanaki. Ya haɗa su ta hanyar Power Pivot, kayan aikin da ke ɗaure tebura su zama rumbun bayanai ɗaya, wanda Microsoft ya fara fitarwa a 2010 a matsayin ƙari da ake ɗora wa Excel, kafin rumbun ya zama cikin jikin manhajar tun daga Excel 2013.

Wannan tsari shi ake nufi da rumbun bayanai mai fuskoki da yawa. Adadi ɗaya, a ce kuɗin ciniki, ana iya dubansa ta fuskar mai saye, ta fuskar kaya, ta fuskar sito, ta fuskar lokaci, ko a haɗa biyu ko uku a duba mahaɗarsu. Masana suna ce wa irin wannan rumbu kiyub, aikin kansa kuma OLAP, sunan da Edgar Codd ya yaɗa a 1993. Harshen da ake yi wa kiyub tambaya da shi sunansa MDX, Microsoft ne ya gabatar da shi a 1997. Ko da rumbun na cikin fayil ɗin Excel ne, ba a wata babbar na'ura ba, da wannan harshen fomulolin shafi suke magana da shi.

Fomulolin bakwai ne, kuma tun Excel 2007 suke nan: CUBEMEMBER, CUBEVALUE, CUBESET, CUBESETCOUNT, CUBERANKEDMEMBER, CUBEMEMBERPROPERTY da CUBEKPIMEMBER. Biyar na farko ne suka shafi wannan lamari.

Me ya sa ma ya bar PivotTable, wato teburin taƙaita bayanai da Excel ke ginawa da kansa, ya koma fomula? Saboda Alhaji. Yana son takarda ɗaya mai tsari ɗaya, sunan kamfani a sama, lamba ɗaya zuwa goma a gefe, da fili a ƙarshen kowane layi inda zai rubuta buhu nawa ya amince a bayar. PivotTable kuwa yakan miƙe ya tsuke duk lokacin da aka taɓa shi, ya ture abin da ke kusa da shi. Fomula tana zaune a gidan da aka ajiye ta, wato akwatinta a kan shafi.

Da farko yaron ya bi hanyar da kowa ke bi: ya yi PivotTable, ya shiga OLAP Tools ya danna Convert to Formulas. Nan take teburin ya rikiɗe ya zama fomuloli, kowane suna CUBEMEMBER, kowane adadi CUBEVALUE. Bai daɗe ba ya gane illar wannan hanya da kansa. Adadin yana sabuntuwa, amma sunayen sun daskare a yadda suke ranar da aka juya. Sabon mai saye ko ya kwashe rabin sito ba zai taɓa bayyana ba, domin ba a rubuta masa layi ba. Sai ya rushe ya sake gini da CUBESET, kuma daidai ya yi. A wannan gini na biyu ne matsalar ta ɓuya.

Ranar da takarda ta fito

Ana cikin watan Fabrairun 2025, azumi ya matso, Alhaji ya ce a kawo masa goman da suka fi saye a siton Mile 12 a azumin 2024. Yaron ya danna maɓallin lokaci, ya danna na sito, wato maɓallan tace bayanai da Excel ke kira Slicer, ya buga takarda. Alhaji ya sa hannu, aka kafa wa magatakarda kwafi a kan tebur.

Bayan kwana kaɗan wata mata Bayarabiya ta zo, wadda 'yan dako da magatakarda duk suke ce wa Iya. Tana da shago a wajen Mushin, ita ke raba wa masu suyar ƙosai da masu alale wake a unguwannin da ke kewaye har zuwa Idi-Araba, kuma wasu masallatan da ke shan ruwa tare daga wajenta suke saye. A sauran watanni cinikinta tsaka-tsaki ne. Da azumi kuwa motar haya take cikawa, ta dawo bayan kwana biyu. Magatakarda ya duba takarda ya ce mata sunanta ba ya ciki, sai dai ta biya nan take. Ba ta yi gardama ba. Ta gaishe da tsohon sito, ta tafi.

Tsohon ne abin ya tsaya wa a rai. Da la'asar ya sami Alhaji a ofis.

"Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, takardar nan akwai gyara. Matar nan ta Mushin da hannuna na ƙirga mata buhuna bara. In ba ta zo ta ɗaya ba, ba za ta wuce ta uku ba."

Aka kira yaron. Ya ce, "Kawu, ba ni na zaɓa ba, daga rasit kwamfuta ta fitar." Ya juya ga tsohon cikin ladabi ya ce, "Baba, ko dai wata shekarar kuke tunawa?"

Tsohon ya ce shi dai abin da ya ƙirga ya sani. Alhaji bai yanke wa kowa hukunci ba, ya ce a nemo wanda zai duba fayil ɗin. Ta haka ya zo hannuna.

Abin da ke cikin gidajen

Tun kafin a buɗe kwamfuta takardar da kanta ta nuna alama. Jerin da aka ce na manya ne daga sama zuwa ƙasa ya kamata adadinsa ya riƙa raguwa. A wannan kuwa na bakwai ya fi na uku, na tara kuma babu adadi a gabansa sam. Yaron ya lura da haka, amma ya ɗauka nauyin fayil ne, tunda duk lokacin da ya danna maɓalli yakan ga gidajen sun rubuta #GETTING_DATA na ɗan lokaci kafin lambobi su zauna. Wannan rubutun ba laifi ba ne, Excel ne ke cewa yana jiran amsa daga rumbu. Idan ya ɓace, abin da ya rage shi ne amsar ƙarshe.

Ga yadda ya gina shafin. A gidan A1 ya rubuta sunan mahaɗin rumbun, wato ThisWorkbookDataModel, domin kada ya riƙa maimaita shi. A B2 ya ajiye ma'aunin ciniki:

=CUBEMEMBER($A$1,"[Measures].[Ciniki]")

A B6 kuma ya tara masu saye:

=CUBESET($A$1,"[MasuSaye].[Suna].Children","Masu saye",2,B2)

Gidan CUBESET kamar ɗaurarren buhu ne mai tambari a jiki. Ido ba ya ganin komai sai rubutun "Masu saye", amma a ciki akwai dukkan sunayen, a jere bisa tsarin da aka umarta. Lamba 2 da ke cikin fomular tana nufin a jera daga babba zuwa ƙarami, abin da ke biye da ita kuma shi ne abin da za a auna girman da shi. Daga nan CUBERANKEDMEMBER ke zaro suna ɗaya-ɗaya, na farko, na biyu, har na goma, gwargwadon lambar da ke gefen layi:

=CUBERANKEDMEMBER($A$1,$B$6,A10)

Sai adadin da ke gaban kowane suna:

=CUBEVALUE($A$1,$B$2,C10,Slicer_Lokaci,Slicer_Sito)

A dubi na ƙarshen nan da na B6 tare. Fomular adadi ta san da maɓallin lokaci, ta san da na sito. Fomular da ke jera sunaye ba ta san da ko ɗaya ba. Abin da aka ce mata kawai shi ne ta jera bisa ciniki, kuma a kiyub duk fuskar da ba a ambata ba ana ɗaukarta gaba ɗaya. Saboda haka sunayen goma su ne manyan masu saye na duk shekarun da ke cikin rumbu, a duk sito uku, lambobin da ke gabansu kuwa na azumin 2024 ne a Mile 12 kaɗai. Tambaya biyu daban aka manna a layi ɗaya. Na taran da ba shi da adadi wani babban mai saye ne na Agege wanda bai taɓa ɗaukar kaya a Mile 12 ba. Iya kuwa, tunda ƙarfinta na wata ɗaya ne a shekara, jimlarta ta shekaru ba ta kai ta shiga goma ba.

Abin da ya fi damuna a irin wannan kuskure shi ne ba ya ihu. Da fomular ta karye, da an ga #N/A ko #NAME? an tsaya. A nan kowane suna na gaske ne, kowane adadi daidai yake da rasit. Wanda ya ɗauki layi ɗaya ya bincika zai same shi lafiya lau. Abin da ya ɓace ba ya kan takardar balle a gan shi, kuma da ba don tsoho ya ƙirga buhu da hannunsa ba, da haka za a yi ta tafiya shekara da shekaru.

Gyaran

Dole abin da ake jerawa da shi ya zama mahaɗar ma'auni da lokaci da sito, ba ma'auni tsura ba. Sai muka fara ciro abin da aka danna a kowane maɓalli, muka ajiye a gidansa. A B3:

=CUBERANKEDMEMBER($A$1,Slicer_Lokaci,1)

A B4 irin wannan ce ta sito. A B5 muka ɗaure ukun wuri guda, domin CUBEMEMBER tana karɓar jerin gidaje ta mayar da su mahaɗa ɗaya:

=CUBEMEMBER($A$1,B2:B4)

A fomular CUBESET kuma aka cire B2 aka sa B5. Canjin ke nan, lamba ɗaya. Da gidajen suka gama jira suka zauna, adadi ya gangaro daga sama zuwa ƙasa ba tsalle, mutumin Agege ya fita, Iya ta fito ta biyu.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma na ga ya zama dole a rubuta iyakar a fuskar shafin, kada a bar ta a kan mutum ɗaya. B3 na farkon abin da aka danna kawai take ɗauka. Idan wani ya danna azumi biyu tare, adadi zai haɗa biyun, jeri kuma ya bi na farko kaɗai, an koma gidan jiya ke nan. Saboda haka muka sa mai gadi a saman takarda, wanda ke ƙirga abin da aka zaɓa:

=IF(CUBESETCOUNT(CUBESET($A$1,Slicer_Lokaci))>1,"A zaɓi lokaci ɗaya kawai","")

Muka yi wa rubutun jan launi mai girma, muka yi wa sito irinsa. Muka ƙara wani ɗan gwaji a gefe wanda ke duba ko kowane adadi bai fi na samansa ba. Da wannan gwajin yana nan tun farko, da shi kaɗai ya isa ya tona matsalar.

Akwai wani wuri da yaron ya so ya lulluɓe kowace fomula da IFERROR, fomular da ke ɓoye alamar kuskure, don takarda ta fito fes. Ban goyi baya ba. IFERROR ba ta bambance kuskuren da ake tsammani da wanda ba a tsammani. Idan aka nemi na goma a tarin da mutum takwas ne a ciki, #N/A za ta fito, wannan an san da shi, kuma ana maganinsa da kwatanta lambar layi da abin da CUBESETCOUNT ta ƙirga. Amma idan wani ya canza sunan tebur a rumbu, ita ma #N/A ce za ta fito, kuma wannan ana so a gan ta. Sannan duk inda gidan suna ya zama fanko, dole a hana fomular adadi aiki a layin, domin gidan da ba kowa ba ya tace komai, sai jimlar kowa da kowa ta faɗo a gaban layin da ba shi da suna.

Azumi ba Maris ba ne

Da jeri ya daidaita sai wata tambayar ta taso, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi. Me maɓallin lokaci yake nufi da azumi? A teburin kwanaki yaron ya yi wa duk watan Maris na 2024 lakabin azumi, don sauƙi. Amma a Najeriya an ɗauki azumin 2024 ranar 11 ga Maris, aka yi sallah 10 ga Afrilu. Ke nan kwana goma na farkon Maris sun shigo ba bisa ƙa'ida ba, kwana tara na Afrilu kuma, waɗanda suka ƙunshi yawancin goman ƙarshe da sayayyar sallah, sun fita. A 2023 abin ya fi haka muni, domin an fara 23 ga Maris aka yi sallah 21 ga Afrilu, yawancin watan a Afrilu yake. Shekarar musulunci tana gaza ta bature da kusan kwana 11, don haka babu wani watan bature da zai tsaya a madadin Ramadan.

Maganin ba a fomula yake ba, a teburin kwanaki yake. Muka buɗe sabon ginshiƙi, kowace rana aka rubuta mata lokacinta: Azumi 2023, Azumi 2024, da sauransu. Na ba da shawarar a riƙa cika shi da hannu bisa sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, maimakon dogara da kalandar da kwamfuta ke lissafawa, wadda kan saɓa da kwana ɗaya. Kasuwa da sanarwa take tafiya. Da azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, aka yi sallah 30 ga wata, haka aka shigar.

Tsohon sito ya ƙara wani abin da ni ban hango ba. Ya ce masu sari ba ranar ɗaya ga wata suke fara ɗiban kayan azumi ba, tun ana saura mako suke zuwa. Alhaji ya gaskata shi. Aka yanke cewa a lissafin wannan kamfani, lokacin azumi zai fara kwana bakwai kafin ganin wata ya ƙare daren sallah. Wannan hukuncin mai kasuwa ne, ba na mai kwamfuta ba, kuma an rubuta shi a ƙasan takarda don duk mai karantawa ya san abin da aka ƙirga. Bayan wannan gyara mutum biyu sun yi musayar matsayi a tsakiyar jeri, wani kuma ya shigo na goma. Iya ba ta motsa daga matsayinta ba.

Naira ko buhu

Alhaji ya so a ƙara ginshiƙin da zai nuna wanda ya ƙaru da wanda ya ragu tsakanin azumin 2023 da na 2024. Da aka ɗebe wannan daga wancan sai wasu layuka suka nuna #VALUE!. Dalili sananne ne: idan babu komai a mahaɗar da aka tambaya, CUBEVALUE ba sifili take bayarwa ba, rubutu ne marar harafi ko ɗaya, kuma ba a ɗebe lamba daga rubutu. Ana iya naɗe gidan da fomular N, wadda ke mayar da rubutu sifili. Mun yi haka don lissafi, amma a fuskar takarda muka sa kalmar "sabo" a gaban duk wanda ba shi da ciniki a shekarar baya, saboda wanda bai zo ba sam da wanda ya zo ya rage saye ba hali ɗaya suke ciki ba.

Da lambobin suka fito kowa ya ƙaru, har waɗanda tsohon ya rantse sun rage ɗauka. Ba abin mamaki ba ne. Tsakanin azumin biyu an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, kuɗin tirela daga Arewa ya haura, farashin buhu ya bi shi. Wanda ya ɗauki buhu kaɗan a 2024 zai iya biyan kuɗin da ya fi na buhu masu yawa a 2023. Sai muka ƙirƙiri ma'auni na biyu, yawan buhu, muka mayar da B2 gidan zaɓi tsakanin naira da buhu. Tunda B5 daga B2 take sha, jeri da adadi tare suke juyawa. A cikin azumi ɗaya naira tana da amfani, domin buhun barkono da na gero ba kuɗinsu ɗaya ba. Tsakanin shekara da shekara kuwa buhu ne ke faɗin gaskiya, musamman idan an tace kaya iri ɗaya. Ga kuma ɗan bambancin da ake mantawa: azumin 2024 kwana 30 aka yi, na 2023 kwana 29.

Sunaye ma sai da aka taɓa su. Tarin yana ɗaukar masu saye ne ta ginshiƙin suna, kuma rumbu yana haɗe duk sunan da rubutunsa ya zo ɗaya ya mayar da shi mamba guda. A kasuwa irin Mile 12, inda masu suna Musa ko Sani ko Garba ba sa ƙirguwa, mutum biyu na iya zama ƙato ɗaya a jeri. Akasin haka ma yana faruwa: magatakardan Agege yana rubuta ƙ da ɗ masu lanƙwasa, na Alaba Rago wayarsa ba ta da su, sai mutum ɗaya ya rabu biyu kowane rabi ya kasa shiga goma. Aka ba kowane mai saye lambarsa, aka yi ginshiƙin da ke haɗa suna da lamba, aka mayar da CUBESET kansa. Wannan aikin ya fi duk sauran cin lokaci, kuma yaron da tsohon ne suka zauna suka yi shi, ɗaya yana karanto suna ɗaya yana cewa wane ne.

Abin da ya biyo baya

Alhaji bai tura magatakarda wajen Iya ba, tsohon ya tura, da saƙon ban haƙuri da cewa kasonta yana nan. Ta karɓi saƙon da mutunci, amma ta riga ta ƙulla da wani dillali a kan kusan rabin abin da take buƙata, kuma ba ta ga dalilin warware alkawari ba. Ragowar ta ɗauka a wajen Alhaji. Mutumin Agege da sunansa ya shiga jerin Mile 12 bisa kuskure ba a janye masa komai ba, tunda an riga an faɗa masa, kuma dama ya cancanta a jerin sitonsa.

Da yaron ya zo ba da haƙuri, Alhaji ya ce masa, "Ɗana, ba ka ci amanata ba. Amma daga yau duk takardar da za ka kawo mini, ka fara kai wa Baba ya gani." Na ji daɗin wannan hukunci ƙwarai. Tsohon ba ya karanta fomula, amma ya san fuskar kowane mai saye da irin motar da yake zuwa da ita, kuma babu gwajin da za a rubuta a Excel da zai maye gurbin wannan.

Saura matsalar waya. Alhaji ya fi zama a kasuwa da kan hanya fiye da ofis, yana so ya riƙa danna maɓallan da kansa. Power Pivot na Excel ɗin Windows ne, babu shi a na Mac, Google Sheets kuma ba shi da fomulolin CUBE gaba ɗaya, don haka kwafe fayil ɗin zuwa can ba zai yi ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne yaron ya sabunta rumbu a kwamfutar ofis, ya ɗauki hoton takardar ya tura ta WhatsApp. Saboda hoto yakan yi yawo ya tsufa a waya, muka sa layi ɗaya a samansa wanda fomula ke haɗawa daga B2 da B3 da B4, yana faɗin ma'auni da lokaci da sito, da ranar rasit na ƙarshe da ya shiga rumbu.

Da Alhaji ya ga takardar farko mai wannan layi, ya karanta ta sau biyu, sannan ya ce, "Malam, wannan ta nuna mini wanda ya fi ɗauka. Ina wadda za ta nuna mini wanda ya fi biya a kan lokaci?" Fomulolin da ke shafin za su iya, ba sai an canza ko ɗaya ba, ma'auni na uku kawai za a sa a B2. Sai dai rumbun bai san biya ba tukuna. Wani biyan yana littafin bashi na tsohon, wani a rasitan POS, wani a saƙon banki da ke wayar Alhaji, kuma da yawa daga masu turo kuɗi da asusun ɗa ko na miji suke turowa, sunan da ya fito ba shi ne na teburin masu saye ba. Yaron ya buɗe tebur na biyar, na biya, mai ɗauke da lambar mai saye da ranar da kuɗi ya shigo, ya fara cika shi daga bashin azumin 2025 yana komawa baya.